Wa Ke da Alhakin Yaron? Tarken Matakan Ceton Almajirai na 2019 da 2020 a Ma'aunin Fiƙihun Malikiyya

Tsakure

Wannan maƙala ta auna matakai biyu da hukumomi suka ɗauka da sunan kare yara a Arewacin Nijeriya, wato samamen gidajen mari a 2019 da mayar da almajirai jihohinsu a 2020. Ma'aunin da aka ɗora su a kai shi ne babukan reno da ciyarwa da tsintacce da ladubban malamai a mazhabar Malikiyya. An gano cewa fiƙihu yakan fara ne da ayyana wanda nauyin yaro ke wuyansa, alhali matakan biyu sun tsaya a kan ɗauke yaro daga inda aka same shi. Maƙalar ta kuma nuna cewa ma'aunin da ya kama hukuma bai ƙyale iyaye da alarammomi ba.

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce ɗa na kowa ne. Magana ce ta hikima a inda zumunta ke da ƙarfi, domin tana ba maƙwabci damar tsawatarwa, tana kuma ɗora masa nauyin ciyar da yaron da ya shigo gidansa da yunwa. Sai dai a birnin yau maganar ta juye. Yaron da aka ce na kowa ne, idan dare ya yi, ba a samun mutum guda da za a kama a tambaya inda ya kwana da abin da ya ci.

Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar 'Yancin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991, ta kuma kafa Dokar 'Yancin Yara a 2003. Da yake sha'anin yara hurumin jihohi ne, dokar ba ta aiki a wajen Abuja sai jiha ta yi tata. Jihohin Arewa da dama sun daɗe suna jan ƙafa; Kano sai a 2023 aka sa wa tata dokar hannu. Mafi yawan wannan lokaci ya tafi ne wajen jayayya a kan shekarun aure da batun ɗaukar ɗan wani a mayar da shi ɗa, wanda aya ta 4 da ta 5 ta Suratul Ahzabi suka soke. Jayayyar tana da tushe, amma ta danne sassan dokar da ba su saɓa wa Shari'a ba, ta kuma mantar da mutane cewa sashe na 20 na yarjejeniyar ta duniya ya ambaci kafala ta Musulunci da sunanta a cikin hanyoyin riƙon yaron da ya rasa gida. Ana cikin wannan ja-in-ja ne abubuwan da za a tarke suka auku.

2.0 Matakan Biyu

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka kai samame wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum wajen ɗari uku, yara da manya, wasu da mari a ƙafa, wasu da tabon duka a baya. Cikin makonnin da suka biyo baya aka fasa irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina da Zariya da Kano. Da yawa daga cikin waɗanda aka samu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, saboda shaye-shaye ko taɓin hankali ko ƙiriniyar da ta gagari gida. Kafafen watsa labarai na waje sun riƙa kiran gidajen makarantun Alƙur'ani, suka cakuɗa gidan mari da tsangaya, alhali kowane Bahaushe ya san bambancinsu.

Mataki na biyu ya zo ne bayan ɓullar cutar korona. A watan Afrilu na 2020 gwamnonin Arewa suka amince kowace jiha ta mayar da almajiran da ke cikinta zuwa jihohinsu na asali. Aka riƙa loda yara a motoci ana ƙetara iyakokin jihohi da su, a cikin azumin Ramadan, a daidai lokacin da aka hana sauran jama'a irin wannan tafiya. Da aka yi gwaji a Kaduna da Jigawa, aka samu wasu daga cikinsu ɗauke da cutar, jihohi kuma suka shiga zargin juna. Adalci ne a faɗi cewa wasu jihohin, da taimakon UNICEF, sun killace yaran, sun ciyar da su, sun kuma nemo iyayen da yawa daga cikinsu. Amma duk mai bin titunan Kano ko Kaduna ko Sakkwato a yau ya san cewa ƙoƙon bara ya dawo inda yake.

3.0 Ma'aunin Fiƙihu

Littattafan da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, da Muhtasar na Shaihu Halil, ba su bar yaro a hannun "jama'a" kawai ba. Sun jera masu alhaki ɗaya bayan ɗaya, ta yadda idan na farko ya gaza an san na biyu.

3.1 Reno

Malikiyya sun ajiye haƙƙin reno a hannun uwa idan aure ya mutu, ga namiji har ya balaga, ga mace har ta tare a gidan miji. Bayan uwa sai kaka ta wajen uwa, sai inna, wato 'yar'uwar uwa, kafin a gangaro ga dangin uba. Uba yana da damar duba ɗansa da ladabtar da shi da tura shi makaranta, amma makwancin yaro yana wurin mai reno. An kuma gindaya wa mai reno sharuɗɗa: hankali, da iya ɗaukar ɗawainiya, da amana, da amincin mazauni, da kuɓuta daga cutar da za ta iya shafar yaro. Har tafiya an yi wa ƙa'ida. Idan waliyyi zai ƙaura nisan baridi shida, wanda ya haura nisan da ake yin ƙasaru, ba zai tafi da yaro ba sai garin da ya nufa ya kasance amintacce, hanyar ma amintacciya.

3.2 Ciyarwa

Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora ci da tufatarwa a kan mahaifi gwargwadon hali. A Malikiyya uba mai iko yana ciyar da ɗansa namiji har ya balaga yana mai iya nema, 'ya mace kuma har ta tare. Idan uba ya ƙi, alƙali ya tilasta shi. Idan talauci ya kayar da shi, nauyin ya koma kan baitulmali da mawadatan Musulmi. Babu inda aka ce nauyin ya sauko kan yaron da ba shi da dukiya ko sana'a.

3.3 Tsintacce

Ɗaukar yaron da aka yasar farali ne na kifaya: idan kowa ya wuce shi, kowa ya yi laifi. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin Sunainu Abu Jamila, wanda ya tsinci jariri a zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi. Halifa bai sallame shi nan take ba. Ya tambaye shi dalilin ɗaukar yaron, ya saurari shaidar shugaban mutanensa cewa mutumin kirki ne, sannan ya bar masa yaron, ya tabbatar da cewa yaron ɗa ne ba bawa ba, ya kuma ɗauke masa ciyarwa zuwa baitulmali. A cikin wannan hukunci guda akwai bincike a kan mai riƙo, da shaidar wanda ya san shi, da bayyana matsayin yaro, da ware kuɗin ciyar da shi. Waɗannan huɗu su ne ginshiƙan aikin jami'in walwalar jama'a a kowace ƙasa a yau.

4.0 Inda Hukuma Ta Gaza

Idan aka ɗora matakin 2020 a kan wannan ma'auni, kuskure na farko da zai bayyana shi ne cewa an mayar da yara ga jihohi, alhali jiha ba ta cikin jerin masu reno. Takardar da ta ce yaro ɗan Jigawa ne ko ɗan Bauchi ba ta faɗi ko mahaifiyarsa na da rai ba, ko mahaifinsa na da hatsin da zai kai shi kaka, ko dalilin da ya sa aka fitar da shi tun farko ya gushe. Yaron da aka tura birni saboda rumbu ya ƙare, ko saboda an saki uwarsa kishiya ta ƙi riƙe shi, idan aka mayar da shi ƙofar gidan nan ba tare da an taɓa dalilin ba, an gudu ne ba a tsira ba.

Kuskure na biyu shi ne keta sharaɗin amincin hanya. Fiƙihun da ya hana uba mahaifi tafiya da ɗansa ta hanyar da ake tsoro ba zai halatta wa hukuma ta cunkushe ɗaruruwan yara a motoci cikin annoba ba. Sahihin hadisi ya hana fita daga garin da annoba ta sauka da kuma shiga cikinsa. Abin da ya fi dacewa da wannan koyarwa shi ne a tsayar da yaran inda suke, a ciyar da su, a yi musu gwaji, a nemo iyayensu a tsanake. Gaggawar da aka yi ta nuna cewa abin da ya fi damun kowace jiha shi ne ta sauke nauyi daga kanta.

Samamen 2019 kuwa wajibi ne, babu mai imani da zai yi jayayya da kwance mari daga ƙafar yaro. Aibinsa yana cikin abin da ya biyo baya. Iyayen da suka kai 'ya'yansu gidan mari sun yi haka ne domin asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kaduna da Kware da Dawanau da Maiduguri ba su isa yankin da ke da miliyoyin mutane ba, kuma a lokacin ƙasar tana kan dokar mahaukata ta 1958, wadda sai a farkon 2023 aka sauya ta. An rufe ƙofar da ta munana ba a buɗe wata ba. Uban da aka miƙa wa ɗansa mai shan ƙwaya a sansanin da aka tara su, ya koma gida da matsalar da ta kai shi Rigasa, ba tare da likita ko jami'in da zai leƙo bayan mako guda ba.

Ita kanta Dokar 2003 tana da nata rauni. Sashenta na 1 ya sa maslahar yaro a gaba da komai, na 30 kuma ya haramta amfani da yaro wajen bara, duka biyun kuwa Shari'a ta riga ta zo da su. Amma hanyoyin da ta tanada, irin su kotun iyali da umarnin riƙo da umarnin sa ido da umarnin kariyar gaggawa, sun yi kama ƙwarai da na Dokar Yara ta Ingila ta 1989. Can an gina su ne a kan ƙaramar hukuma mai jami'ai da kuɗi, da rajistar haihuwa da ta game kowa, da yara 'yan kaɗan da ake bin lamarin kowannensu shi kaɗai. A nan kuwa jami'in walwala na ƙaramar hukuma yakan wayi gari ba shi da abin hawa, yaran da ke gabansa ba su da takardar haihuwa, yawansu kuma ya wuce ƙirga. Dokar da ba a ba ta hannaye ba, idan ta tashi aiki sai ta koma kame da kora, domin su ne masu araha, su ne kuma ake gani a talabijin. Makarantun almajirai sama da ɗari da gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a Gagi ta Sakkwato a 2012, sun faɗa cikin irin wannan rami: an yi gini, ba a tabbatar da wanda zai ci gaba da ciyarwa da biyan malamai ba.

An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya taɓa ƙayyade cewa ba a yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Wani dare ya ji kukan jariri, da ya bincika sai ya tarar uwar tana gaggauta yaye ne don ta samu rabon. Bai hukunta matar ba. Ya gane cewa tsarinsa ne ya jawo kukan, ya mayar da rabon ya fara tun daga haihuwa. Wannan ɗabi'a ta komawa a duba abin da doka ta haifar ita ce ba a gani ba bayan 2020.

5.0 Inda Iyaye da Malamai Suka Gaza

Ba daidai ba ne a ɗauki fiƙihu a doki hukuma da shi, sannan a rufe littafin idan an zo kan tsangaya. Ƙasar Hausa da Barno suna alfahari, da gaskiyarsu, da alarammomin da suka haddace Alƙur'ani suka rubuta shi da ka. Binciken Hannah Hoechner a Kano, wanda aka buga littafi a Kambirij a 2018, ya nuna cewa iyaye da yawa suna zaɓar tsangaya ne saboda durƙushewar noma da lalacewar makarantun gwamnati na karkara, ya kuma raunana zargin da ake yi cewa almajirai su ne rumbun 'yan ta'adda. Fim ɗin Duniya Juyi Juyi na 2011, wanda almajirai suka shirya da kansu a Kano, ya nuna cewa suna da bakin da za su faɗi damuwarsu idan an saurare su. Duk wannan gaskiya ne, amma bai sauke farilla daga wuyan kowa ba.

Uban da ya kai kolo ɗan shekara shida gari mai nisa, ya miƙa shi ga malam ba guzuri ba kuɗin Laraba, ya shekara bai waiwaye shi ba, ya ɗauki ciyarwar da Allah Ya ɗora masa ya aza wa yaron. Hujjar da aka saba kawowa ita ce tafiya neman ilimi sunnar magabata ce, kuma kalmar almajiri ma daga almuhajir ta fito. Amsar ita ce, magabata sun yi irin wannan tafiya ne bayan sun yi ƙarfi, sun gama da malaman garinsu. Gardi mai neman tilawa yana iya zuwa Gabas, amma kolon da bai iya wanke rigarsa ba yana cikin shekarun da mazhaba ta tsare masa makwanci kusa da uwa.

Malam kuma, da zarar ya karɓi yaro ya zama mai riƙon amana, sharuɗɗan mai reno sun hau kansa. Muhammadu ɗan Sahnun, wanda ya rasu a 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi sukutum a kan ladubban malaman makarantar allo. Ya taƙaita bulala ga uku, ya sa goma ta zama iyakar da ba a wucewa, ya hana dukan fuska da kai, ya kuma hana malami aiken yara cikin buƙatun kansa. Alƙabisi, wanda ya rasu a 403, ya bi sawunsa ya faɗaɗa, Ibn Haldun kuma ya ware fasali a cikin Muƙaddima yana bayanin cewa tsanani yana koya wa ɗalibi ƙarya da yaudara da kasala. Waɗannan duka malaman Malikiyya ne. Saboda haka wanda ya ce hana mari da dukan kawo wuƙa aƙidar Turawa ce, ya jahilci gadon mazhabarsa. Malamin da ya tara yara ɗari alhali bai iya kwantar da ashirin ba, ya karɓi amanar da ya san ba zai iya sauke ta ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman zamaninsa a cikin Nurul Albabi a kan barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da na waje. Wannan ya isa misali cewa sukar malamai daga cikin gida al'ada ce ta masu gyara, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwai kuma mutanen birni, waɗanda sukan tsame kansu daga zancen. Gidan da almajiri ke yi wa shara da wanke-wanke da ɗebo ruwa a kan ragowar tuwo yana cin moriyar tsarin da mai gidan ke zagi a majalisa. Uwar ɗakin da ta san sunan almajirinta da garinsu, take kai shi asibiti idan ya kwanta, ta fi kusa da ma'anar kafala fiye da mai jefa sadaka ta tagar mota.

6.0 Abin da Ma'aunin Ke Nema

Hukuncin Umar a kan tsintacce yana iya zama tsarin aiki ga jami'in walwala ko da kayan aikinsa kaɗan ne. Kowane yaro a tsangaya a rubuta sunansa da na mahaifinsa da garinsu, mai unguwa ko dagacin garin ya shaida, kamar yadda aka shaidi Abu Jamila. A rubuta abin da uba zai riƙa aikowa, kuɗi ko hatsi, kotun Shari'a kuma ta saurari ƙarar malam ko ta jami'i idan uba mai hali ya ƙi. Inda aka tabbatar da talauci, hukumomin zakka da waƙafi, irin Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano da takwararta ta Sakkwato, su tsaya a matsayin baitulmali, su biya kuɗin ga gidan yaron ko ga makarantarsa. A ƙayyade yawan yaran da malam zai karɓa gwargwadon makwanci da makewayi, a kuma bar ƙananan yara su yi karatun allo a garinsu. Hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, wadda aka kafa da doka a 2023, za a auna ta ne da yawan yaran da ta san sunan mai alhakinsu.

Wannan aiki ba ya yiwuwa sai da alarammomi. Jami'in da ya shiga tsangaya da 'yan sanda zai tarar an kwashe yaran da dare zuwa wani gari. Wanda ya shiga da sallama, tare da limami da mai unguwa, yana magana da harshen Risala da Muhtasar, shi ne zai ga inda yaran ke kwana. A nan jami'o'in Musulunci ke da rawar takawa, ta hanyar yaye ɗaliban da suka haɗa fiƙihun iyali da sanin aikin walwalar jama'a.

7.0 Kammalawa

Matakan 2019 da 2020 sun fito da ɓarnar da aka daɗe ana kawar da kai daga gare ta, kuma sun kuɓutar da wasu bayin Allah daga azaba. Gazawarsu ita ce sun ɗauki canza wa yaro wuri a matsayin ƙarshen aiki. Fiƙihun Malikiyya yana neman a san mai reno da mai ciyarwa da mai sa ido, kowanne da sunansa, a kuma san wanda zai gaje shi idan ya gaza. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da cewa kowa makiyayi ne kuma za a tambaye shi a kan abin kiwonsa. Tambayar za ta zo wa uba da malam da gwamna da mai gidan da yaron ya yi wa bara, kowa shi kaɗai. Allah ne Mafi sani.